Ajiyar da ke Bayan Kantin Zinatu

In ka shiga Arlit ka tambayi kantin Habibullahi da Ƴaƴansa, za a nuna maka. Allo ne babba, shuɗi, da rubutun Faransanci. Akwai irinsa a Cirozerin, kusa da inda ake haƙar gawayin Anu Araran, akwai ƙarami a Dannet wajen makiyaya, akwai tsohon a Akokan. Huɗu ke nan. Ni ban iya karatu ba, karanta mini allon aka yi, kuma ranar da aka karanta mini sai da na yi dariya har na shaƙe. Habibullahi, Allah ya ji ƙansa, mutumin kirki ne, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa auna tiyar gero ba. In ka ba shi sukari ya ƙulla, rabi a ƙasa zai ƙare. Kantunan nan na matarsa ne, Zinatu, kuma duk wanda ya sha ruwan Akokan ya san haka.

Ni ce Veronika, wadda ƴan Akokan suka gajarce suka mai da Bero. Daga Maraɗi mijina ya kawo ni. Ni Kirista ce, ita Musulma ƴar Damagaram, kuma shekara arba'in da ɗoriya ina soya ƙosai a ƙofar kantinta. In na ce na san ta, ba a bakin wani na ji ba.

Mun iso garin nan shekara guda bayan an buɗe ramin haƙar yuraniyam na Akokan, tsakaninmu wata biyu. Mazanmu suna shiga ƙarƙashin ƙasa da hular kwano da fitila a goshi, mu muna sama cikin bukkokin tabarma da kwali da duron da aka buɗe aka daddale. Masu galo, wato manyan ma'aikata, suna da gidajen siminti da famfo, suna da kantinsu na kamfani wanda sai da kati ake shiga. Wata rana matar wani shugaban mijina ta shiga da ni in riƙe mata kwando. Na ga kifin gwangwani, na ga tuffa, na ga wani farin abu mai wari da suke shafawa a burodi. Da na dawo na ba Zinatu labari, ba ta ce komai a kan tuffa ba. Ta ce, “Kin ga kuka?”

Na ce ban gani ba.

“Daddawa fa? Busasshiyar kuɓewa?”

Na ce babu.

Ta ce, “Ke Bero, garin nan mutum dubu nawa, kowa da albashinsa, kuma babu mai cin miyar kirki. Kin ga ikon Allah?”

Satin nan ta tare wani mai kamyo, babbar motar kaya, da ke zuwa kudu, ta ba shi saƙon baki zuwa ga uwarta. Bayan wata guda buhu ya iso, ta ɗora faifai a bakin bukka, kwana biyu ya ƙare. Daga nan ne Habibullahi da Ƴaƴansa suka fara, in kuna son sani: faifai ɗaya, da mace mai ciki wata bakwai a zaune bayansa.

Abin da ya raba ta da sauran masu faifai shi ne kunne. In mutum ya buɗe baki ya gaishe ta, ta san garinsu, ta san abin da tukunyarsa ke nema. Ƴan Tawa albasa da gabu. Mu ƴan Maraɗi ƙuliƙuli da man gyaɗa. Mutanenta na Damagaram daddawar batso. Abzinawa shayi da sukari da alkama, su kuma su kawo mata cuku. Kafin baƙo ya gama “ina kwana” ta miƙa hannu wajen buhun da ya dace da shi. Wani ya taɓa ce mata maita ce. Ta ce, “Eh, maita ce, tiya nawa za a ba ka?”

Shekarar babban fari, wadda dabbobi suka ƙare a daji, ita ce shekarar da ta gina kantin laka. A shekarar ne kuma ajiya ta fara. Wani makiyayi daga wajen Dannet, sunansa Amumun, ya zo da sirdin raƙumi a kafaɗa, raƙumin ya mutu a hanya. Ya tsaya a ƙofa ya daɗe, sannan ya ce ta aje masa sirdin, in Allah ya sake ba shi raƙumi zai zo. Zinatu ba ta san rubutu ba, shi ma haka. Sai ta kama bakin zanenta ta yaga ƙyalle, ta raba shi biyu. Ta ɗaure rabi a jikin sirdi, ta ba shi rabi. Ta ce, “Duk wanda ya zo da wannan, shi ne mai sirdi. Wanda ya zo babu shi, ko kai ne, sai ka koma ka nemo.”

Shekara shida sai ga Amumun a kan raƙumi, zaune a kan tsumma, ya kwance ƙyallen daga gefen rawaninsa. Ta haɗa da nata, zanen fulawar ya haɗu daidai. Shi ne daga baya ya ba ta fili a Dannet ta buɗe kanti na huɗu.

Labarin ƙyalle ya zaga gari. Ma'aikaci in zai tafi hutun konje ya ga iyayensa, sai ya kawo akwatinsa na ƙarfe ya aje a ɗakin bayan kanti, ya karɓi rabin ƙyalle. Ba ta taɓa karɓar ko dala a kan ajiya ba, ba ta taɓa buɗe akwatin kowa ba, kuma ba a taɓa zuwa aka rasa ba. Na sha ce mata zannuwanta duk sun zama guntaye, mace mai kanti tana yawo da zane kamar ɓera ya ci. Ta ce, “Ke da naki yake cikakke, wa ya taɓa ba ki ajiyar cokali?”

To, yanzu sai in zo kan ɗan da ke cikin nan nata lokacin faifai. Fatahu sunansa, ɗan fari. Kun san kunyar ɗan fari. Matan yanzu sun watsar, za ka ga yarinya ta rungume ɗanta na fari tana kiran sunansa a tsakiyar kasuwa. Zinatu ba ta cikin waɗannan. Ba ta kiran sunansa, ba ta kallonsa ido da ido, ba ta amsa masa magana. In dole ta ambace shi sai ta ce “wancan”, da ya girma ya zama “na Arlit”. A garinsu da kakarsa ce za ta ɗauke shi. A nan babu kaka, babu gwaggo, babu kowa sai ni da ke bayan tabarma. Ranar da ta yaye shi ta miƙo mini shi ta saman danga, fuskarta a can gefe, ta ce, “Karɓi.” Ni na goye shi tare da ɗana Bege. Ƙosaina ya ci ya girma, ni na raka shi lekol ranar da ya fara karatun boko. Ran Lahadi in za mu majami'a ya biyo mu har ƙofa, in kora shi gida.

Kada wani ya ce ba ta son shi. Na ga matar nan ta yi kwana huɗu ba ta sa komai a baki ba lokacin da ƙyanda ta kama shi, tana zaune bayan danga tana tambayata, “Yaya mai jikin naku?” Naku, wai.

Da ya girma ya shiga harkar kanti, sai muka sami hanyar da magana take bi. In yana da shawara, sai ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya faɗa da ƙarfi, kamar da buhunan shinkafa yake magana. Ita tana juya masa baya tana gyara kaya. In ta yarda, shi ke nan, ba zai ji komai ba. In ba ta yarda ba, kafin kwana uku zai gan ni tafe da mayafina. Da ya ce a buɗe kanti a kasuwar Arlit, shiru, aka buɗe. Da ya ce a sayi firigo na sanyaya kaya, shiru, aka saya. Da ƙanwarsa Zakiyya ta auri mai aikin gawayi ya ce a buɗe mata nata a Cirozerin, shiru. Da ya rubuta sunan ubansa a allo ma shiru, ko da yake na ji ta yi tsaki har sau biyu. Amma ranar da ya ce a daina awo da tiya, a ƙulla komai a leda a aza kan sikeli, washegari da hantsi ina Arlit.

Na ce, “An ce in gaya maka tiya ta girme ka.”

Ya ce, “Inna Bero, duniya ta ci gaba.”

Na ce, “An ce in ka faɗi haka in ce maka ta ci gaba da kai, a bar tiya a inda take.”

Haka muka yi ta yi har Habibullahi ya aje aiki, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, ya rasu. Nawa mijin ya bi shi bayan shekara biyu. Muka rage mu biyu a ƙofar kanti, ita da tiyarta, ni da kaskona.

Sai shekarar dubu biyu da ashirin da ɗaya, ƙarshen watan uku, aka rufe ramin Akokan. An daɗe ana faɗa, ba mu yarda ba sai da muka ga kamyo bayan kamyo suna fita da gadaje da katifu da awaki a sama. Wasu sun koma Maraɗi da Damagaram da Tawa. Wasu sun nufi arewa wajen haƙar zinariya. Da yawa ba su san inda za su sauka ba, kuma wanda bai san inda zai kwana ba ba ya jan akwati. Sai suka yi layi a ƙofar Zinatu. Zane uku ta yaga a watan nan, ɗaya nawa ne, na zuwa majami'a, ta cire shi daga igiya ba ta tambaye ni ba. Akwati sittin da uku, da keken ɗinki biyu, da wani agogon bango. Ni na ƙirga, ita ba ta ƙirga amana. Kowa ta miƙa wa ƙyalle sai ta ce masa, “Ƙofar nan za ka tarar a buɗe. Ko kai, ko ɗanka.”

Bayan shekara guda unguwarmu ta yi shiru. Da ina soya tiya uku na wake kafin rana ta yi zafi, na koma rabin tiya, shi ma sai na bi mutane da shi. Kantin Zinatu yakan wuni bai ga mutum goma ba. Fatahu ba wawa ba ne, ni na rene shi. Ya ga kantin Arlit ne ke ɗauke da na Akokan a baya, ya ga uwarsa ta haura sittin tana zaune cikin zafi tana korar ƙuda. Ya gina mata ɗaki a gidansa, har da na'urar sanyi.

A lokacin ne idona na hagu ya rufe da yana, Bege ya aiko in zo Maraɗi a kankare mini. Na tafi ran Talata. Ran Juma'a Fatahu ya zo Akokan ya tsaya a bakin ƙofa, ya gaya wa buhunan shinkafa cewa za a rufe kantin nan, za a kwashe kaya da ita kanta a kai Arlit, akwatunan mutane kuma a zuba su a magaza, ɗakin ajiyar kayansa, a sa musu lamba. Ta juya masa baya kamar kullum. Ya jira kwana uku, babu wanda ya zo. Ya jira sati, ya jira biyu. Wa zai zo? Mai zuwan tana Maraɗi da auduga a ido. Zakiyya kuwa, uwarta ba za ta taɓa aika ƙanwa ta kai wa yayanta faɗa ba. Har yau Fatahu yana rantsuwa ya manta ba na gari. Ni na ce Allah ya sani, ni ma na sani.

Zinatu ta kira ni a salula sau uku. “Ya idon?” Da sauƙi. “Yaushe za ki dawo?” Ba ta ƙara komai ba, don ita a wajenta maganar gida ba a zuba ta cikin waya kowa ya ji a iska. Ni kuma kaina ya kumbura, na ce matar nan ashe ba ta iya rayuwa babu ni, bari in ƙara sati in ja mata rai. Na ƙara. Wannan laifin nawa ne, na ɗauka.

Na sauka a tasha da safe, ido ɗaya a rufe da filasta, na hau adaidaita zuwa unguwa. Tun daga nesa na hango kamyo a ƙofar kanti, an ture murhuna gefe. Illi ne direban, Ba'abzine dattijo da ya shekara ashirin yana ɗauko mana kaya daga kudu, yana tsaye ya harɗe hannu kamar wanda aka kawo jana'iza. Ƴan dako uku suna fito da akwatuna. An riga an loda kusan ashirin. Fatahu yana tsaye da gwangwanin fenti, kowane akwati ya wuce ya shafa masa lamba. Zinatu tana zaune a kan tabarma cikin kanti, ta ba ƙofa baya, carbi a hannu, ba ta ja.

Na shiga na durƙusa kusa da ita. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ce, “Kin ga dama.”

Na ce, “Me za a ce masa?”

Ta ce, “Kin sani.”

Na fito na gyara mayafi. Na ce, “Kai, na Arlit. An ce in gaya maka a sauke.”

Ya aje gwangwani ya gaishe ni har ƙasa, ya tambayi ido, ya tambayi Bege. Sannan ya ce, “Inna Bero, kwana uku sun wuce tun sati uku. Na jira. Na riga na yi wa wani alkawarin wurin nan, zai zuba siminti.”

Na ce, “To ka je ka kwance alkawarin, ai ba da ƙusa ka kafa shi ba. Mutum sittin da uku aka ce wa ƙofar nan za su tarar.”

Ya ce, “Arlit nan da can ne, Inna. Wanda ya zo ai zai tambaya.”

“Ya tambayi wa? Siminti? Mai akwatin ne kawai zai zo? Wata matar da ba ta taɓa taka garin nan ba za a ba ƙyalle a ce je ki Akokan, kantin laka mai ƙofa kore. Ta zo ta tarar da kwaɗo, ta koma. Kai ka ci amana ke nan ko ita?”

Mutanen da suka rage a unguwa sun fara taruwa. Ya dube su, ya dube ni, na ga wuyansa ya kumbura kamar yadda yake yi tun yana yaro in za a yi rigima. Ya ce, “Inna Bero, ke kike faɗa. Shekarata arba'in da biyu ina jin an ce, an ce. Wa ya ce? Ni ban taɓa ji ba. Ina da jika yanzu. Na zo na faɗi magana a gabanta, ba ta hana ba. In akwai mai hanawa, ga ni a tsaye.”

Sai na ja da baya na koma gefe. Don gaskiya ya faɗa, ja'irin.

Ya juya ya ce wa ƴan dako su ci gaba. Ɗaya daga cikinsu ya fito da wani koren akwati, ƙyallen da ke hannun akwatin ya maƙale a ƙusar ƙofa. Ya ja, bai fita ba. Fatahu ya ce, “Cire tsumman nan, ai ga lamba.” Mutumin ya sa wuƙa ya yanke, ya yar. Ashe ba shi ne na farko ba, akwai biyu a ƙasa an tattake.

Ban san yadda Zinatu ta ji ƙarar wuƙa a kan ƙyalle daga cikin kanti ba, amma ta ji. Na ga ta dafa buhu ta miƙe. Ta zo bakin ƙofa, ta sunkuya da wannan bayan nata mai ciwo, ta tsince ƙyallayen uku ɗaya bayan ɗaya, ta kakkaɓe su a zanenta. Sannan ta ɗago ta dube shi. Cikin ido.

Ta ce, “Fatahu.”

Wallahi har Illi sai da ya saki hannuwansa. Wata tsohuwa ƴar garinsu da ke cikin taron ta rufe fuska da mayafi ta ce, “La ilaha illallahu, Hajiya!”

Ta ce, “Fatahu, da kai nake. Ka ce ba ka taɓa ji ba, to ji. Kantin Arlit naka ne, ka sa sikeli, ka sa leda, ka rubuta sunan wanda ka ga dama. Wannan nawa ne. Kana cikina na fara shi. Kamfani ya rufe raminsa ya tafi, shi ya san abin da ya yi wa mutane alkawari. Ni abin da na ce musu shi ne za su tarar da ƙofar nan a buɗe, kuma ban ce sai in ana ciniki ba. Wannan koren na Kalib ne, mai gyaran wuta, ɗan majami'ar su Bero. Lambarka ta san Kalib? In ya mutu lambarka za ta san matarsa? Sauke mini kayan mutane. Ɗakinka mai sanyi ka sa surukarka a ciki.”

Shi ke nan abin da ta faɗa. Ta juya ta koma ciki.

Fatahu ya tsaya, burushin fenti yana ɗiga a kan takalminsa. Ƙato, mai furfura a gemu, mai kanti uku a hannunsa. Illi ne ya fara motsi. Ya ce wa ƴan dako da Hausarsa ta Abzinawa, “Ba ku ji ba? Hajiya ya ce a sauke.” Suka dubi Fatahu. Sai ya tuɓe babbar rigarsa ya miƙo mini, ya hau kamyo, ya fara miƙo akwatuna da kansa.

Har azahar ana mai da kaya. Ita tana tsaye a ɗakin baya tana nuna inda kowanne yake da, don ta san wurin kowa. Ƙyallayen nan uku ta mai da su a kan akwatunansu ba ta yi kuskure ba, ta ɗaure da sabon zare. Fentin ne ya ƙi fita, har yau akwai akwati ashirin da biyu masu lamba, tana ce musu masu ƙyanda.

Da aka gama ya zo ya zauna a kan bencina, gumi ya jiƙa shi. Na miƙa masa ruwa. Ya sha, ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya ce a hankali, “Inna Bero, ashe ta san sunan.”

Na ce, “Ita ta zaɓa shi, sakarai. Ubanka so ya yi a sa maka Mamman. Ni aka aika wajen liman.”

Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ya rufe fuska da hula. Na bar shi, na je na tada murhuna da suka ture.

Mai siminti ya sami wani wuri, wurare ai sun yi yawa a Akokan. Kanti yana nan, ƙofarsa kore, ana buɗe ta kullum bayan sallar asuba ko da mai saye ko babu. Akwatuna sun ragu zuwa arba'in da ɗaya. Bara wata mata ta sauka daga motar Damagaram, Abigail sunanta, ba ta san kowa a garin nan ba. Ta yi ta bin layi tana duba ƙofofi har ta tsaya a tamu, ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙyalle. Na gane shi tun kafin Zinatu ta karɓa, zanena ne na majami'a. Kalib ya rasu a wajen zinariya. A cikin koren akwatin akwai hular kwanonsa, da Littafi Mai Tsarki, da takalman yaro sababbi waɗanda yaron ya riga ya fi ƙarfinsu. Zinatu ta auna mata daddawar batso tiya guda, ta cika har tana zuba, ta ce ta kai gida.

Sunan kuwa, ba ta sake kiransa ba. Na yi tsammanin tunda an fasa sau ɗaya an huta, ni ma ƙafata ta huta da zuwa Arlit. Ina! Sati bai cika ba ta leƙo daga cikin kanti ta ce, “Ke Bero, in kin gama ƙona waken mutane, ki je ki gaya wa wancan ya aiko da shinkafa buhu biyar da man gyaɗa.”

Na ce, “Wa zai saya? Ke da ƙuda?”

Ta ce, “Ina ruwanki. Wanda ya zo ɗaukar akwatinsa ba zai tarar da kanti fayau ba.”

Na ɗauki mayafina.